Abin da Hannuna Ya Faɗa wa Yaya

Lahadi, 3 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsayawa a gaban kurame a coci ina juya musu wa'azi zuwa maganar hannu, ban taɓa yin abin da na yi yau ba. Yau na canza magana.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta sauka. Kusurwarmu tana hagu, kusa da taga, kurame shida da ni. Yaya, wana kurma, yana bakin benci kamar kullum, Littafi Mai Tsarki a cinya, fensir a bayan kunne irin na kafintoci, matarsa, ita ma kurma, a gefensa. Tun da ɓarin jikin Baba Fasto ya shanye wata biyu da suka wuce, dattawa suka kawo wani malami ya riƙe mana coci. Kurame sun raɗa masa suna Mai Agogo, don agogon hannunsa ya kusa kai murfin kofi. Makonnin farko ba laifi, ihu ne dai da gumi. Yau ya zo da sabuwa. Ya yi magana kan naƙasa da inda take fitowa. Ba zan sa kalmominsa a littafina ba. Ya dai ambaci la'ana, ya ambaci zunubin iyaye, sannan ya nuna kusurwarmu da yatsa.

Hannuna ya tsaya cak a sama. Yaya ya ɗaga gira, wato me ya ce? Jama'a duk sun juyo suna kallonmu, wasu da tausayi, wasu kamar sun ga maciji a ɗaki. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya ce, "Yana gaishe ku. Ya ce Allah yana ƙaunarku."

Yaya ya ɗaga wa mutane hannu biyu, baki har kunne. Sauran ma suka bi shi. Wata mata a benci na uku ta jawo 'yarta jikinta.

Daga nan har aka tashi, wani tsohon wa'azin Baba Fasto na yi musu, wanda ya yi kan ɓatacciyar tunkiya. Na haddace shi, don sau biyu na taɓa fassara shi.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ban faɗa masa ba.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

A gidan burodi yau na sa burodi a leda ya fi ɗari uku, hankalina ba ya wurin. Sau biyu na ɗaure leda babu komai a ciki, har mai gidan burodin ya ce ko iska muka koma sayarwa.

Da na tashi na biya ta shagon Yaya. Na same shi cikin ƙurar katako har gira, yana goge ƙafar kujera. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ajiye abin hannunsa don ya samu damar magana.

"Auta, kin rame. Mijin naki ya daina ba ki abinci ne? In je in same shi da guduma?"

Na yi dariyar dole. Sai ya ɗauko Littafinsa daga kan kanta.

"Mutumin nan ya ba ni mamaki. Na ɗauka ɗan hayaniya ne kawai. Ayoyin da kika ba mu ran Lahadi duk na duba su, suna nan, ba ƙari ba ragi."

Halin Yaya ke nan. Ba ya haɗiye wa'azi sai ya tauna. Duk ayar da na ba shi sai ya rubuta lambarta, ya koma gida ya karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. Baba Fasto kansa bai tsira ba, ya taɓa bin sa har ofis da takarda kan wata aya da ya ɗora a inda ba wurinta ba, kuma Baba ya amsa kuskurensa a gaban jama'a. Da wannan nake alfahari da shi tun muna yara. Yau da ya ce ya duba ya samu daidai, sai na yi masa sallama na tafi.

Ban faɗa masa ba.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je da niyyar in faɗi komai yadda yake. Allah ya sani da niyyar na je.

Mai Agogo ya karanta rabin aya, ya rufe Littafin da ƙarfi, ya ce kowa ya rufe nasa ya dube shi, don abin da Ubangiji ya nuna masa a wannan makon ba a rubuce yake ba. Aka rufe. A duk cocin kurame ne kaɗai nasu yake buɗe, don ni suke kallo, ni kuma ban ce su rufe ba.

Can ƙarshe ya yi sanarwa. Ranar Alhamis ta ƙarshen wata za a sa kurame a ƙaramin ɗakin bayan coci, kwana uku, ba ci, don a fitar musu da abin da ya toshe su. Ya ce gicciye ya buɗe ƙofa ne kawai, sauran aikin sai a hannun wanda Allah ya ba shafewa, wato shi kansa. Wanda bai bi ta ɗakin ba, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake rabawa a coci.

Ni kuma na ce musu, "An shirya muku kwana uku na addu'a da nazarin Littafi, ku kaɗai."

Idon matar Yaya ya ciko da ƙwalla. Ta ce tun da take zuwa cocin nan ba a taɓa shirya wani abu don kurame ba, ko kujerar gaba ba a taɓa ba su ba. Yaya ya yago takarda nan take ya rubuta sunayensu su shida, nasa a sama. Da hannunsa ya kai wa Mai Agogo. Mutumin ya dafa masa kai, jama'a suka yi ta tafi.

Saura kwana goma sha takwas.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na je wurin babban dattijon coci a kantinsa na kayan gini. Na tsaya tsakanin buhunan siminti na zayyana masa komai, ban da abin da hannuna ya yi. Yana ji yana auna wa wani ƙusa.

"'Yata, ki yi haƙuri. Kin ga yadda coci ta cika? Har waje ake sa benci. Mu ma ba duk abin da yake faɗa muke so ba, amma a bari Baba Fasto ya samu sauƙi tukuna."

"Baba, in kafin ya samu sauƙi an illata wani fa?"

"Kai, ke ma da faɗa kike. Addu'a ce fa za a yi musu. Ke dai aikinki fassara, ba tace wa'azi ba."

Bai san inda maganarsa ta same ni ba. Na yi masa sai an jima na fito, ina jin haushinsa, ina jin haushin cewa a wannan guda ɗaya ya fi ni gaskiya.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe shida na safe

In kuma gaskiya mutumin yake faɗa fa?

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Da wannan tambayar na wuni. Inna nake ta tunawa. Yaya yana shekara uku zazzaɓi mai zafi ya kama shi, ya tashi ba ya ji. Har ta mutu Inna tana cewa da ta kai shi asibiti da wuri. Ta ɗauki wannan kaya shekara talatin, yanzu wani ya zo da agogo yana cewa ba ma jinkirinta ba ne, zunubinta ne. Abin da ya fi ba ni tsoro, wani ɓangare na zuciyata yana so ya zama gaskiya. In la'ana ce, ai ana iya karya ta. Yaya zai ji muryata ko sau ɗaya.

Na dawo na yi abin da Yaya yake yi. Na nemo rabin ayar nan ta ran Lahadi, na karanta ta har ƙarshe, na karanta surar gaba ɗaya. Rabin da ya bari ya rushe rabin da ya karanta. Na buɗe labarin makahon nan da aka haifa haka, inda aka tambayi Yesu ko laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu. Na nemi inda aka ce aikin gicciye bai ƙare ba sai wani ya ƙarasa shi a ɗakin bayan coci. Ban samu ba. Na nemi inda aka kori kurma daga teburin Ubangiji. Ban samu ba.

Abin bai ɗauke ni awa ɗaya ba. Da Yaya ne, da minti goma sun ishe shi.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Baban yara ya ce in daina sa baki, wai tun da Mai Agogo ya ɗora masa hannu bayansa ya daina ciwo. Na ce to madalla. Ɗazu na shiga ɗaki na same shi yana shafa man zafi a ɓoye, ya ce wai ƙamshin yake so.

Yau layinmu ne da sharar coci. Na leƙa ƙaramin ɗakin. An riga an yi na guragu a makon jiya. Tabarma biyu, bokiti, taga a rufe da kwali. Da igiya. Me igiya take yi a ɗakin addu'a?

Matar nan mai sanda da take zama kusa da ƙofa, ba ta zo ba tun lokacin. Na tambayi ƙanwarta, ta ce tana nan lafiya, ta kau da kai ta ci gaba da shara.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na sake yi. Yau na ba su wa'azin Baba kan alheri. Kafaɗuna ciwo suke kamar na yi dakon ruwa.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yaya ya ja ni bayan shago ya ɗage wani tsohon zane. Teburin wa'azi ne sabo fil, da katako mai kyau da ya daɗe yana ɓoyewa, ya sassaƙa gicciye a gaba. Kyauta ce zai ba Mai Agogo.

"Mutumin da ya tuna da mu, ai sai mu tuna da shi. Ya yi kyau?"

Na ce ya yi kyau. Ya yi kyau ɗin kuwa.

Ban faɗa masa ba. Saura kwana tara.

Jumma'a, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je gaida Baba Fasto. Yana kan kujera a tsakar gida, bargo a gwiwa, bakinsa ya karkace gefe. Mama, matarsa, ta kawo mini ruwa ta ba mu wuri. Shi na faɗa wa duka, har da wa'azinsa da na yi ta sata ina rabawa. Gaskiya na zaci zai yaba mini. Ina ma jiran ya yi dariya.

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Kalma ɗaya ɗaya take fita.

"Wa'azina... da sunan wa?"

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"'Yata... kurame... ba yara ba ne."

Na ce, "Baba, tsare su nake yi. Ba ka ji abin da yake faɗa ba."

"Su ma... ba su ji ba."

Yawu ya zubo masa, na ɗauki tawul na goge. Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya, ya matse sosai. Na fito ina fushi da tsoho marar lafiya. Har na kai gida ina ba shi amsa a zuciyata, amsoshi masu kyau, ba wadda ta tsaya da ƙafarta.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na ce kaina yana ciwo, na zauna a gida. Sai ga saƙon matar Yaya a waya, wai duk sun taru suna jirana. Na je. Na sake yi. A kan sabon teburin ya yi wa'azin, yana dukan katakon Yaya da tafin hannu yana kiran su ɗaurarru.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe shida na safe

Saura uku. Matar Yaya ta sayi sababbin littattafan rubutu guda shida da biro, don nazarin.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na faɗa masa.

Na bari sai da masu sayen kaya suka watse. Na ce ya zauna. Na fara daga yatsan da aka nuna su da shi ran uku ga wata, na bi Lahadi ɗaya bayan ɗaya, abin da aka faɗa da abin da na ba su. La'anar, Inna, ɗakin, igiyar. Wasu wuraren har sai da na maimaita. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na gama ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗago.

"Ranar da na ɗaga wa mutane hannu, me ya ce?"

Na sake faɗa masa.

"Kuma kina tsaye kina kallona ina musu dariya."

"Yaya, ban so ka ji zafi ba ne."

"Yaushe kika yi ƙarya, Auta? Sati huɗun nan, ko yau?"

"Sati huɗun."

"Ta yaya zan sani?"

Duk abin da ya taɓa sani daga bakin wani mai wa'azi, ta hannuna ya bi. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki takarda da biro, ya kulle shago ina tsaye a waje. Ya nufi hanyar coci. Na bi shi, ya juyo ya nuna mini hanyar gida.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Matarsa ta kawo mini takardar har gidan burodi, ta ajiye a kan tebur kusa da ledoji, ba gaisuwa. Rubutun Yaya ne a sama, tambaya uku. Kurumtata la'ana ce? Jinin Yesu bai isa ba? A ina aka rubuta?

A ƙasa amsar Mai Agogo da jan biro. Ta farko, i. Ta biyu, ya ce Yaya bai kai ya gane wannan ba tukuna. Ta uku, ya rubuta cewa yawan tambaya shi ne alamar ruhun da ke cikinsa.

Ta ce Yaya ya bi sauran gida gida tun safe yana nuna musu. Ta ɗauke takardarta ta tafi.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Biyar ba su je ba. Na gode wa Allah.

Na shidansu, wani tsohon tela, shi ya je. Bai iya karatu sosai ba, takardar ba ta ce masa komai ba. Ya gaya wa Yaya cewa shi da idonsa ya ga wa'azi huɗu masu daɗi, ba za a zo a rana ɗaya a ɓata masa bawan Allah ba. Na ruga shagon telan da rana, an ce tun safe ya ɗauki tabarmarsa. A ƙofar ɗakin wasu maza biyu suka tare ni, suka ce ba a buƙatar mai fassara, ruhohi suna jin magana.

Jumma'a, 29 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na koma wurin babban dattijo. An ce ya yi tafiya.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Tela ya fito. 'Yarsa ce ta zo ta ɗauke shi a mota. Na hango shi daga bakin titi. Ba zan rubuta ba.

Riga mai dogon hannu ya sa, cikin wannan zafin. Na tuna igiyar nan.

Lahadi, 31 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Kusurwarmu ba kowa yau, har an cika bencin da baƙi. Na zauna a baya, hannuna a cinya. Mai Agogo ya ce aikin da aka fara wa tela bai ƙarasa ba saboda wasu sun zuga 'yan'uwansa, kuma Ubangiji ya nuna masa ko su wane ne. Da aka fara raba gurasa na tashi na fita. Baban yara ya bi ni da ido, bai taso ba.

Na wuce shagon Yaya. Su biyar na samu a ciki, sun ture kayan aiki gefe sun zauna a kan kujerun mutane da ba a gama ba, kowa da Littafinsa a buɗe. Yaya yana karanta musu aya, suna tsayar da shi, suna musu, yana komawa baya. Wata har ta ce bai fassara daidai ba, ya sake dubawa ya amsa. Ba su gan ni da wuri ba. Da suka gan ni, hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta tattara sauran suka fita waje.

Na tambaye shi jikin tela. Ya ce ya je da safe, tsohon ya juya fuska bango, ya ƙi kallon kowa.

Na ce, "Yaya, duk abin da na ba ku gaskiya ne. Ko aya ɗaya ban murɗa ba."

"Na sani. Na duba. Shi ya sa."

Ya jawo kujera kusa don in ga hannunsa da kyau, ya yi maganar a hankali kamar yadda yake koya mini ina ƙarama.

"Da kin ba ni ƙaryarsa yadda take, da tun ranar farko na kama ta, da tela yana shagonsa yana ɗinki. Ƙarya ba ta da wuyar kamawa in an bar mutum ya gan ta. Ke kika ɗauki gaskiya kika sa masa a baki. Wannan a ina zan duba in kama?"

Na kai hannu ƙirji zan fara ba shi haƙuri. Sai ya rufe idonsa.

Tun da aka haife ni bai taɓa yi mini haka ba, ko a faɗanmu na yara. Na ƙarasa maganar duk da haka, har ƙarshe, ba wanda ya gani. Na taɓa masa gwiwa, bai motsa ba. Har na kira shi da baki, Yaya, Yaya, ni da na fi kowa sani.

Na jira kusan rabin awa. Har na fita bai buɗe ba.